DAGA DANDALI ZUWA GIDAN KANTU: YADDA KOKAWA TA SHIGA KATANGA

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a kan wannan magana shi ne wata gardama da muka yi da kakana a hutun da ya wuce. Tsohon ɗan kokawa ne, ko kokowa kamar yadda mu Gobirawa muke cewa, ya kuwa ci zamaninsa a ƙauyukan da ke tsakanin Isa da Sabon Birni tun kafin a haifi mahaifina. Na nuna masa wani wasa a waya, wanda aka yi a babban filin kokawa na Maraɗi, ina tsammanin zai yi murna. Ya duba, ya duba, sa'an nan ya miƙo mini wayata ya ce, "Kai ɗan boko, wagga ba kokowa ta ba, jarrabawa ta. Mu da munka yi, babu mai busa muna usur." Na ce masa ai ƙarfin ɗaya ne, kayen ma ɗaya ne. Sai ya ce in je in tambayi malamaina na jami'a, wa ya fara kewaye fage da katanga, kuma me ya nema. To, kafin in kai tambayar gare su, na ga gara in fara tona abin da kaina, in kawo ɗan abin da na samu gaban 'yan'uwana ɗalibai da malamanmu, wanda ya ga gyara ya gyara.

Watakila mai karatu ya ce, me ya haɗa mutumin Isa da wani gini a Jamhuriyar Nijar? Amsar tana cikin tarihin Gobir. Bayan da Alƙalawa ta faɗi hannun masu jihadi a 1808 aka kashe Sarki Yunfa, Gobirawa sun watsu, sun daɗe suna neman inda za su sake kafa gari. A 1836 aka yi yaƙin Gawakuke, inda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ci nasara, Sarkin Gobir Ali ya rasa ransa. Waɗanda suka saura suka bi Mayaƙi suka kafa Tsibiri, dab da Maraɗi, wadda Katsinawan da suka ƙi bin Fulani suka riga suka zauna. Daga Tsibirin nan ne kuma Ɗan Halima ya ɓalle a rabin ƙarshe na ƙarni na 19, ya kafa Sabon Birni. Ita kuwa Isa tana ɓangaren Sakkwato, kuma har yau sarautarta Sarkin Gobir ce. Da Ingila da Faransa suka zo suka ja layinsu, suka kafa duwatsun iyaka tsakanin 1906 da 1908, sai Tsibiri da Maraɗi suka faɗa hannun Faransa, Isa da Sabon Birni suka faɗa hannun Ingila. Amma Gulbin Maraɗi bai san da wannan yarjejeniya ba. Yana bi ta Maraɗi da Tsibiri, ya dawo ya zuba cikin Rima a ƙasarmu, haka nan aure da fatauci da kiɗa suka ci gaba da bin sa. Saboda haka in na yi maganar filin Maraɗi, ina maganar gidan dangi ne.

Fagen da

Bari mu fara da abin da kakana yake kira kokawa ta gaskiya. Ba ta da gida, kuma ba ta da rana a kalanda. Lokacinta kaka ne, idan an yanke gero an ɗaure dammuna, rumbu ya cika, samari sun ƙoshi. Sarkin samarin wani ƙauye zai aika da goro zuwa ƙauyukan makwabta, makaɗa su kwana suna kiɗa don labari ya bazu. Fagen shi ne duk inda rairayi ya yi laushi, ko dandali, ko ƙofar fada, ko gonar da aka gama girbe. Katangar kuwa mutane ne. Yara su zauna a gaba, manya su tsaya a baya, 'yammata su yi gungu a gefe guda. In taro ya yi yawa da'ira ta buɗe, in ya ragu ta tsuke. In 'yan kokawa suka turo juna har cikin jama'a, sai jama'a su ja da baya, fagen ya bi su.

Abin da ya fi ba ni sha'awa cikin bayanin tsohon shi ne yadda ake samun abokin karawa. Ɗan kokawa yakan fito da warkinsa da layunsa da kambunsa, makaɗi ya taso shi da takensa, ya yi kirari, ya zagaya fage, sa'an nan ya je ya tsaya gaban wanda yake so. Wancan yana da ikon tashi, yana da ikon ƙi, ko da yake ƙin yana da nasa tsadar, don 'yammata suna gani, kuma maroƙa ba su da mantuwa. Manya su ne alƙalai. Su ke hana ƙato ya taka yaro, su ke raba wasa in ya yi tsawo ba kaye, su ke kashe wuta in rai ya ɓaci. Wanda ya yi kaye ba ya samun kofi. Abin da yake samu shi ne kari, watau kuɗi ko goro ko zane da masoya za su ba shi nan take, shi kuma ya juya ya ba makaɗinsa rabo. Sau da yawa ma babban abin da ake nema bai wuce a ce wance ta gani ba. Kakana ya ce ta haka ya sami kakata, ita kuwa ta ce ƙarya yake yi, ranar da ta fara ganinsa a ƙasa yake. Wannan gardama tasu ta girmi tawa, ban sa baki ba.

Ya ce sun sha tafiya a ƙasa su ƙetara iyaka zuwa wajen Gidan Rumji da Tsibiri, su yi kwana biyu ko uku, a ci tuwon masu gida, a kayar da 'ya'yansu, a dawo. Ba wanda ya taɓa tambayarsu takarda.

Shekarar 1975

Canji ya zo ne daga gwamnati. Nijar ta fito daga babban farin da ya kashe dabbobi ya kori mutane daga gidajensu a farkon shekarun 1970, kuma a ranar 15 ga Afrilu 1974 soja suka hamɓarar da Shugaba Jori Hamani, Saini Kunce ya hau. Sabuwar gwamnati tana neman abin da zai haɗa Bahaushe da Bazabarme da Babarbare da Buzu da Bafillace su ji ƙasa ɗaya suke. Ta farfaɗo da samariya, watau ƙungiyoyin samari na gargajiya, ta mai da su hannunta a kowane gari. Ta kuma duba wasannin da ake da su, ta ga babu wanda talaka ya sani ya kuma so kamar kokawa. Ƙwallon ƙafa baƙo ne, yana bukatar ƙwallo da raga da takalma. Kokawa kuwa ba ta bukatar kome sai ƙasa da ƙarfi.

A 1975 aka yi gasar farko ta ƙasa baki ɗaya a Tawa. Wanda ya ci shi ne Yakuba Ango, wanda duniya ta fi sani da Kantu, mutumin Maraɗi. Daga nan gasar ta zama abin da ake zagayawa da shi daga babban gari zuwa babban gari, kuma da yake ba a iya tara dubban mutane da manyan baƙi a bar su tsaye cikin gona, sai aka shiga gina wa kokawa gidaje nata na kanta a hedkwatocin jihohi. Fasalinsu kusan ɗaya ne. Gini ne mai da'ira, da matakalan siminti hawa hawa inda 'yan kallo ke zama, da rumfa ta manyan baƙi, da ƙofofi inda ake karɓar kuɗin shiga, a tsakiya kuma an zuba rairayi an kewaye shi da buhunan ƙasa. Daga baya aka raɗa wa gidajen sunayen mazajen da suka yi fice. Na Maraɗi ya ci sunan Kantu, na Dosso sunan Salma Ɗan Rani, na Damagaram sunan Langa Langa. Yanzu jihohi 8 ne ke zuwa, kowace da 'yan kokawa 10, watau mutum 80 ke nan. Jiha takan kara da jiha kowace rana, duk wanda ya faɗi ya fita daga neman sarauta, har a rage waɗanda bayansu bai taɓa ƙasa ba, su kuma su tace juna. Wanda ya saura a naɗa masa rawani a miƙa masa takobi, shi ya sa jama'a ke kiran gasar da sunan takobin.

Ku lura da abin da aka yi a nan. An ɗauki da'irar mutane, wadda take numfashi tana buɗewa tana tsukewa, an zuba mata siminti.

Wani gida a Kanada

Ina cikin wannan bincike sai na ci karo da labarin wani wasa da ba mu da shi, ba kuwa za mu taɓa samunsa a Isa ba sai ranar da Rima ta daskare. Amma labarin ya haska mini namu, shi ya sa zan ɗan ratse in kawo shi. Wasan shi ne hoki na kan ƙanƙara. A ƙasar Kanada sanyi yakan kai inda tafki da kogi ke daskarewa su yi tauri kamar daɓe. Mutane sukan ɗaura takalma masu ƙarfe a ƙasa kamar kaifin wuƙa, su riƙa sulɓi a kai, suna kora ƙwallo da sanduna masu lanƙwasa. Da can a fili ake yi, bisa tafki, kowa ya zo ya shiga, ba adadi, ba iyaka sai inda ƙanƙara ta ƙare. Ashe su ma suna da nasu dandalin.

A watan Disamba 1862 wata ƙungiya ta masu hali a birnin Montreal ta buɗe wani babban zaure mai rufi, mai suna Victoria Skating Rink, don 'ya'yanta su riƙa sulɓi ba iska ba duhu. Daɓen ƙanƙarar yana da tsawon ƙafa 204 da faɗin ƙafa 80, ana haska shi da fitilun gas. Ba don hoki aka gina shi ba. Sai a ranar 3 ga Maris 1875, shekara 100 cif kafin gasar Tawa, wani saurayi mutumin Halifax mai suna James Creighton ya shirya wasan hoki a cikinsa, da yawa daga cikin 'yan wasan kuwa ɗaliban Jami'ar McGill ne, irinmu. Nan take ginin ya fara ba da umarni. Da yake wurin ba ya ɗaukar taro, sai aka ce mutum tara tara. Da yake 'yan kallo suna tsaye dab da daɓen, ana tsoron ƙwallo ta tashi ta ji wa wani rauni, sai aka ajiye ta aka sa wani faifan katako mai kwanciya a ƙasa. Wannan faifai, wanda daga baya aka mai da shi na roba, shi ne ake bugawa har yau, kuma filayen hoki na Kanada da Amurka, masu ƙafa 200 da 85, ba su yi nisa da awon wancan zaure ba. A 1877 aka buga dokokin wasan a jarida. Gwamnan Kanada, Lord Stanley, ya kalli wasa a zauren a 1889, abin ya burge shi har ya ba da kofin da ke ɗauke da sunansa, wanda aka yi wasan neman sa a nan a 1894.

Akwai wani ɗan abu da ya faru a daren farkon nan wanda ya sa ni dariya ni kaɗai a ɗakin karatu. Da aka tashi wasa sai faɗa ya kaure tsakanin 'yan hoki da 'yan ƙungiyar da suka zo sulɓi, waɗanda suka ga an cinye musu lokaci an kuma farfasa musu ƙanƙara. Watau tun ranar da wasa ya shiga gida aka fara tambayar gidan na wane ne. A dandali wannan tambaya ba ta tasowa.

Abin da katanga ta ci, da abin da ta ajiye

In muka dawo gida, za mu ga abin da ya sami hoki shi ya sami kokawa, sai dai kowa da irin nasa. Da fage ya sami iyaka, sai aka sami laifin fita daga fage, abin da kakana bai taɓa ji ba. Da aka sayar da tikiti, sai ya zama dole wasa ya fara a kan lokaci ya ƙare a kan lokaci, don haka agogo ya shigo, da alƙali mai usur, da gargaɗi ga wanda ya ƙi kamawa. Da aka ce jiha da jiha, sai zaɓen abokin karawa ya fita daga hannun ɗan kokawa ya koma kan takarda. Wannan a ganina ita ce babbar asara, domin a da jarumtaka tana farawa ne tun daga wanda ka nuna da hannunka. Sunan ƙauye ma ya ɓace cikin sunan jiha, har akan sami mutum yana kare tutar jihar da ba can aka binne cibiyarsa ba. Manyan gari da ke raba gardama sun koma 'yan kallo, in ma sun sami kuɗin ƙofa.

Amma ban yarda da tsohon ba inda ya ce an kashe abin. Waɗanda suka tsara gasar sun yi hankali, ba su kori makaɗa ba, ba su hana kirari ba, ba su ce a tuɓe layu ba. Makaɗi irin Sagalo ya yi suna ne a cikin waɗannan gidaje, lasifika da gidan rediyon Muryar Sahel suka kai muryarsa inda ganga ba ta kaiwa, har ƙauyukanmu, inda ake kewaye rediyo kamar yadda ake kewaye fage. Lokacin ma ba a sauya shi ƙwarai ba, don a 'yan shekarun nan a ƙarshen Disamba ake yi, bayan amfani ya shiga rumbu. Sa'an nan ga babban abin da katanga ta kawo, watau rubutu. Yau ɗalibi zai iya cewa Kantu ya ci a 1975 a Tawa, Isaka Isaka na Dosso ya ɗauki takobinsa na shida a Agadas a Disamba 2023, ba mai musa masa. Na tambayi kakana wa ya fi kowa a zamaninsu. Ya kawo laƙabi uku, na huɗun ya tsaya masa a maƙogwaro, ya yi ta kaɗa yatsa bai fito ba. Ya ce mutumin ya shekara bakwai ba a kai shi ƙasa ba. Yanzu sunansa ma ya faɗi, ba wanda ya taɓa shi.

A namu ɓangaren na Nijeriya abin ya bi wata hanya dabam. Dambe ne ya fi samun gida, kuma 'yan kasuwa ne suka kewaye shi a birane, da zana, daga baya da kwano, suna karɓar kuɗi a ƙofa. Kokawa takan sami wuri a bukukuwa, kamar na kamun kifi na Argungu wanda ya samo asali daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, amma a matsayin rakiya take zuwa. A Isa da Sabon Birni ta zauna inda take tun fil azal, a dandali, a hannun samari da farin wata. Da an tambaye ni shekara goma da suka wuce, da na ce mu muka fi sa'a, tamu ba ta shiga hannun hukuma ba.

To, ga abin da ya faru. Tun wajen 2019 'yan bindiga suka addabi ƙasarmu. Ƙauyuka da yawa sun tashi, dubban mutanenmu sun ƙetara zuwa jihar Maraɗi, ta hanyoyin nan da kakanninmu suka bi suna neman kokawa. Wanda bai noma ba, ina zai ga kaka? Wanda ya noma ma, da yawa sai da ya biya kafin ya girbe. Ganga kuwa da dare ta zama mai kiran abin da ba a so. A ƙauyenmu rabon da a yi kokawar kaka har yaran da ake goye da su a lokacin sun isa kiwo. Ita ma iyakar da ba ta tambayar kakana takarda an rufe ta a Agusta 2019 har zuwa Disamba 2020, an sake rufe ta a Agusta 2023 bayan juyin mulkin Yamai, sai a Maris 2024 Nijeriya ta buɗe nata ɓangaren. Fagen da katangarsa mutane ce, in mutane suka watse ba ya barin ko kufai. Zauren Montreal ma ya tafi, an sayar da shi a 1925 aka gina wurin ajiye motoci a gurbinsa, amma kafin ya tafi ya bar awonsa da dokokinsa a takarda, wasan ya ƙaura zuwa wasu gidaje. Namu dandalin bai bar wa kowa awo ba.

Na taɓa shiga gidan Kantu sau ɗaya, lokacin da na raka kawuna gaishe da 'yan'uwanmu da ke gudun hijira a can. Ba lokacin gasa ba ne, matakalan duk babu kowa, rana tana dukan siminti. A tsakiya na tarar da yara kamar goma sun tuɓe riguna suna kama juna cikin rairayi, wani ɗan babba a cikinsu ya naɗa kansa alƙali, yana busa da yatsu biyu a baki. Biyu daga cikinsu da suka ji maganata suka ce su ma 'yan Sabon Birni ne. Na tambayi ƙaramin ko ya taɓa ganin kokawa a gida. Ya ce a'a, shi a nan ya fara gani, yana tsammani ma wasan mutanen Nijar ne.

Da na ba kakana wannan labari bai ce kome ba, ya daɗe yana kallon ƙasa. Can sai ya aiki ƙanena ya ɗauko masa wata tsohuwar jaka daga ƙarƙashin gado, ya fito da warkinsa, fatar ta bushe ta yi tauri kamar ƙirgi. Ya ce a nemo man shanu a shafa mata. Sa'an nan ya dube ni ya ce, "In ka koma makaranta, ka aro abin ɗaukar magana. Sunan mutumin nan shina nan tahe, in ya zo ba ni son ya iske babu kowa."